Cin zarafi a cikin gida a karkarar arewacin Jihar Kano

Cin zarafi a cikin gida shi ne cutarwar da mutum yake yi wa wanda suke zaune gida ɗaya ko suke da alaƙar aure, walau ta duka, ko zagi da tsoratarwa, ko tilasta kwanciya, ko hana abinci da magani da sauran haƙƙoƙi. Mafi yawansa ba ya kai wa ga rasa rai, shi ya sa ba kasafai yake fitowa a jarida ko ya shiga littafin 'yan sanda ba. Wannan maƙala ta shafi irin wannan cin zarafi da ake rayuwa da shi a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, wato ƙananan hukumomi irin su Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Minjibir, Gezawa, Ɓagwai da Tsanyawa. Matan aure ne abin ya fi shafa, sai yara, musamman agola da 'yan riƙo. Akwai kuma mazan da abin yake faɗa wa.

Alƙaluman da ake da su game da Kano sun saɓa wa juna ƙwarai. Binciken gida-gida na ƙasa ya sa jihar cikin waɗanda abin ya fi ƙaranci a Najeriya, amma binciken asibiti da shari'o'in kotunan Musulunci suna nuna akasin haka. Saɓanin ya danganta ga wanda ya yi tambayar, da inda aka yi ta, da kalmar da aka yi ta da ita.

Yanayin yankin

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan karkara da suka fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya bayyana ta a matsayin yankin da gona ke manne da gona, ana noma ta duk damina ba a barin ta ta huta, ana raya ta da takin dabbobi da sharar birni. Gero, dawa, gyaɗa da wake su ne manyan amfanin gona. Ba duka gidaje ne suke dunƙule a cikin gari ba. Da yawa a warwatse suke cikin gonaki, kowanne da danga ko katangar ƙasa, da zauren da baƙo namiji ba ya wucewa.

Amarya a nan yawanci gidan iyayen miji take tarewa, cikin surukai da facaloli, wani lokaci har da kishiya. Kulle ya daɗe da kafuwa a waɗannan ƙauyuka. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da kuma Dorayi ta kusa da Kano, ta lura cewa kusancin ruwa a ƙasa, wanda ya sa ana iya haƙa rijiya a tsakar gida, yana cikin abin da ya sa kulle ya yiwu ko a gidan talaka. Matan kulle ba zaman banza suke yi ba. Suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura, suna ɗinkin hula, suna kiwon awaki, yara kuma su kai talla. Abin da mace ta samu nata ne, a al'ada da kuma a shari'a. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuwa a wuyan miji suke. Wannan rabon nauyi shi ne tushen rigingimu da yawa, domin gado yana ta rarraba gonaki, abin da magidanci yake nomawa sau da yawa ba ya kai shi shekara, sai ya haɗa da cin rani ko ƙwadago a kasuwanni irin ta Dawanau.

Ana kuma yin aure da wuri. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, wato NDHS, na shekarar 2018 ya nuna rabin matan Arewa maso Yamma masu shekara 25 zuwa 49 sun yi auren fari kafin su cika shekara 16.

Kalmomin da ake kiran abin da su

Kalmar "cin zarafi" a asali wulaƙanta mutum take nufi, kusa da cin mutunci. Rediyo da ƙungiyoyin kare haƙƙi ne suka faɗaɗa ta har ta ƙunshi duka da fyaɗe. A ƙauye ba da ita ake yawan magana ba. Abin da za a ji shi ne "ba ya riƙe ta da kyau", ko "ba ta jin daɗin zaman", ko "sun samu saɓani". Idan an zo kan duka, akan sassauta a ce "ya ɗaga mata hannu" ko "ya taɓa lafiyarta".

Hausa tana da kalmomi daban-daban na bugun jiki: mari, naushi, hauri, shaƙewa, tsula bulala. Sai dai ba kowa ne yake sa su duka a ƙarƙashin "duka" ba. Mace za ta iya cewa mijinta bai taɓa dukan ta ba, alhali ya sha marin ta, domin a wurinta duka shi ne wanda aka yi da sanda ko dorina, ko wanda ya kwantar da mutum. Akwai kuma "horo" da "ladabtarwa", waɗanda suke mayar da aikin ya zama gyara, su ɗora laifin a kan wadda aka daka.

Kalmar "yaji" ta cancanci a tsaya a kanta. Idan zama ya yi tsami mace ta tafi gidan iyayenta, akan ce "ta yi yaji", miji kuma ya je ko ya aika "biko". A wannan jimla macen ce mai aikatawa, abin da aka yi mata kuwa bai fito ba sam. Wanda ya ji labarin zai san ta tafi, amma ba lallai ya san dalili ba. Haka jimlolin da ake ginawa da "an", irin su "an samu matsala" ko "an ɗan yi rigima", suna ɓoye wanda ya yi. Tilasta kwanciya a cikin aure kuwa ba shi da suna na yau da kullum. "Fyaɗe" a bakin yawancin mutane abu ne da yake faruwa a wajen aure, kuma kunya ba ta barin a faɗi sauran.

A gefe guda akwai kalmomin da ake tarbar mai kuka da su. "Haƙuri" ne kan gaba. Da shi ake yi wa amarya nasiha ranar kai ta ɗaki, da shi kuma ake mayar da ita bayan yaji. Akan ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda ta kai maganar ɗakinta waje an ce ta "tona asirin" mijinta, kuma wannan zargi yana da nauyi a gari ƙarami inda kowa ya san kowa.

Yawan faruwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kashi 27 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko zama da namiji sun fuskanci duka ko tilasta kwanciya daga abokin zamansu. A yankin Afirka adadin ya kai kashi 33.

A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take gudanar da binciken NDHS. Na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukan su tun daga shekara 15. A cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun ce miji ya ci zarafinsu ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: muzgunawa da baki da tsoratarwa kashi 32, duka kashi 19, tilasta kwanciya kashi 7. Wannan kashi 36 ya haura kashi 25 na 2013 da kashi 31 na 2008.

Idan aka raba shiyya-shiyya, Arewa maso Yamma ce take zuwa ƙarshe a yawan matan da suka ce an taɓa dukan su, Kudu maso Kudu kuma tana kan gaba. A binciken 2013 Kano ce ta fi kowace jiha ƙarancin adadi, kashi 1 kacal, yayin da Binuwai ta kai kashi 72. Rahoton yana tsayawa ne a matakin jiha, ya haɗa birni da ƙauyukan Kano wuri ɗaya.

Binciken da likitoci suka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ba da wani hoto dabam. A wani da aka buga a 2016, an tambayi mata 393 da suka zo ganin likita. Kashi 42 cikin 100 an same su da cin zarafi daga abokin zama a cikin shekara ɗaya da ta gabata. Kashi 46.6 sun ambaci muzgunawa ta baki da ta zuci, kashi 29 duka, kashi 21.9 tilasta kwanciya. Wani binciken da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka buga a 2013 a kan mata masu ciki ya samu kashi 7.4, wanda bai yi nisa da kashi 6 da NDHS na 2018 ya samu a ƙasa baki ɗaya ba.

Shaida ta uku daga kotu take. A Disamba 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo abin da ya samu a bincikensa na digirin digirgir a kotunan Shari'a tara na Kano cikin shekara biyar. Ya ce kaso mafi girma na shari'o'in a kan ciyarwa suke, kashi 26 cikin 100 a kan cutarwa, kuma a cikin na cutarwar kashi 45 dukan mata ne. Ya ce a ciki akwai matan da aka karya wa gaɓa da waɗanda aka zubar wa haƙora. Wasu jaridu sun ɗauki kashi 45 ɗin kamar na dukkan shari'o'in ne, alhali na ɓangaren cutarwa ne kawai.

Dalilin saɓanin alƙaluma

Waɗannan adadi ba abu ɗaya suke aunawa ba. Matan da suka zo asibiti ba su wakiltar dukkan matan jiha, kuma kotu tana ganin auren da ya riga ya lalace ne kawai. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin kashi 1 da kashi 29 ta fi ƙarfin a ce bambancin samfuri ne kaɗai.

Masu binciken NDHS ba sa tambayar mace ko ana cin zarafinta. Suna lissafa ayyuka ne ɗaya bayan ɗaya: ko ya taɓa tura ta, ko marin ta, ko murɗe mata hannu, ko jan gashinta, ko naushi, ko hauri, ko shaƙewa, ko barazana da wuƙa. An fassara tambayoyin zuwa Hausa, mace ɗaya ake tambaya a gida, kuma ƙa'ida ita ce idan ba a samu keɓewa ba a bar wannan sashe. Tsarin yana da kyau a takarda. A gidan gandu kuwa, inda ɗakin suruka yake jikin na amarya, kishiya tana tsakar gida tana daka, yara suna leƙe, keɓewa ta gaskiya tana da wuya. Baƙuwar da ta shigo da takarda sai da izinin maigida ta wuce zaure, kuma matar gidan ta san haka. A asibiti mace tana nesa da dangin miji, tana gaban wanda ta saba gaya wa abin da ke damun jikinta.

Akwai kuma abin da adadin NDHS na cin zarafin miji bai ƙunsa ba, wato hana ciyarwa. A Kano kuwa, kamar yadda shari'o'in kotu suka nuna, nan ne kukan ya fi yawa.

Wannan ba ya nufin ƙarancin adadin Arewa maso Yamma duk ɓoyewa ne. Binciken NDHS ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan giyar miji da dukan mata, giya kuwa ba ta yawaita a ƙauyukan Kano ba. Zaman gandu ma yana da fuska biyu: idon da yake hana mace magana shi ne wani lokaci yake hana miji ɗaga hannu, domin mahaifinsa ko yayansa yana jin abin da ke faruwa. Sauƙin mutuwar aure da sake wani auren a ƙasar Hausa yana sa wasu mata su bar gidan tun kafin abin ya yi nisa.

Siffofin cin zarafin

Hana ci da sha. Wannan ya haɗa da ƙin ba da cefane, ƙin auno hatsi daga rumbu, ƙin biyan kuɗin magani, da tafiya cin rani wata da watanni ba aike. Ana bambanta wanda ba shi da shi da wanda yake da shi ya hana, kuma na biyun ne ake ɗauka zalunci. Rigimar takan tsananta daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. A irin wannan hali jarin macen ne yake tafiya a tukunya, daga nan akuyarta, daga nan kayan ɗakinta. Wani mijin yakan karɓi kuɗin adashinta da sunan rance ya ƙi biya, idan ta tambaya ya zama faɗa.

Muzgunawa da baki. Zagin iyaye, gorin haihuwa ko gorin haihuwar 'ya'ya mata, kunyatawa a gaban kishiya, da gaba ta kwana da kwanaki. A binciken NDHS na 2018 da na asibiti na 2016 da aka ambata a sama wannan nau'i ne ya fi yawa. Barazanar saki tana cikinsa, kuma tana da kaifi saboda abin da yake biyo bayan saki. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, amma a al'adar ƙauye uba yakan karɓe yaro da zarar an yaye shi. Mata da yawa suna zama a gidan da ake cutar da su ne don kada su bar 'ya'yansu a hannun kishiya.

Duka. Mari ne ya fi yawa, sai naushi da hauri da dukan bulala ko sanda. Dalilan da ake kawowa sanannu ne, kuma NDHS yana tambaya a kan biyar daga cikinsu: ƙona abinci, gardama da miji, fita ba izini, sakaci da yara, da ƙin shimfiɗa. A 2018, kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya da kashi 21 na maza sun ce miji yana da hujjar duka a kan aƙalla ɗaya daga ciki. Abin lura, matan sun fi mazan yarda da hakan. A yankin da ake kulle, fita ba izini tana da nauyi na musamman, domin ta shafi zuwa awon ciki, da dubiya, da gaishe da iyaye.

Tsakanin kishiyoyi da dangin miji. Ba miji kaɗai ne yake cutarwa ba. Ana samun faɗa tsakanin uwargida da amarya a kan rabon kwana da girki da yara, wani lokaci har da ƙona juna da ruwan zafi. Ana kuma samun suruka ko ƙannen miji da suke takura wa amarya, musamman yarinyar da aka kawo daga wani gari ba ta da kowa kusa. Lokacin da miji yake shirin ƙara aure yana cikin lokutan da gida ya fi rikicewa. Marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ta gina littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 a kan irin wannan: magidancin da ya wofintar da matarsa da 'ya'yansa, ya kore ta saboda sabuwar amarya.

Yara. Dukan yaro da sunan tarbiyya abu ne da aka yarda da shi a ko'ina, saboda haka iyakar horo da zalunci ba ta fito fili ba. Binciken ƙasa na 2014 a kan cin zarafin yara, wanda Hukumar Ƙidaya ta yi tare da UNICEF, ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18. A gidajen karkara waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yaron da aka saki uwarsa ko ta rasu, da agola, da yarinyar riƙo, da mai tallar da ta dawo da ciniki bai cika ba.

Maza. Akwai mazan da matansu suke zagi ko duka, kuma likitocin Kano sun yi bincike a kan haka. Namijin da abin ya shafa ya fi mace wuyar faɗa, don gudun a kira shi mijin-ta-ce.

Raunuka

A binciken NDHS na 2018, kashi 29 cikin 100 na matan da miji ya daka ko ya tilasta wa kwanciya sun ji rauni. Kashi 26 sun ambaci yanka, ƙujewa ko ciwon jiki, kashi 9 kuma rauni mai zurfi, karaya, fitar haƙori da makamantansu. A ƙauye yawancin waɗannan ba sa isa babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Ana gasa jiki da ruwan zafi, a aiki yaro kemis ya sayo maganin ciwon jiki, karaya kuma a kai wa maɗori. Ko an je asibitin sha-ka-tafi, sau da yawa da rakiyar wani daga dangin miji ake zuwa, sai a ce faɗuwa ta yi. Duka a lokacin ciki yana iya jawo ɓari, zubar jini ko haihuwa kafin lokaci. Illar da ba a gani kuwa, irin rashin barci, faɗuwar gaba, hawan jini da baƙin ciki mai tsanani, akan danganta ta ga iska ko sammu a nemi rubutu da hayaƙi.

Inda ake kai kuka

A ƙasa baki ɗaya, kashi 55 cikin 100 na matan da aka daka ko aka tilasta wa kwanciya ba su taɓa neman taimako ba, in ji NDHS na 2018. Kashi 32 ne suka nema, kuma kashi 73 na waɗannan danginsu suka nufa. Masu zuwa wurin 'yan sanda ƙalilan ne ƙwarai.

A karkarar Kano matakin farko yaji ne. Yana da amfani na gaske, domin yana fito da maganar gaban manya, yana tilasta wa miji zuwa biko, wani lokaci a sa masa sharaɗi a gaban waliyyi. Amma ƙarfinsa ya dogara ga gidan da aka koma. Uban da rumbunsa ya ƙare, ko wanda shi ya ba da 'yar ga ɗan ɗan'uwansa a auren zumunci, yakan mayar da ita tun kafin a zo biko. Idan dangi sun kasa, sai liman ko mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Duk waɗannan sulhu suke nema, kuma duk maza ne.

Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003 zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi 44, kuma rikicin aure yana cikin manyan ayyukanta. Tana da ma'aikata mata, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, shi ya sa mata da yawa suka fi sakin jiki da ita a kan ofishin 'yan sanda. Ita ma sulhu take fara nema, abin da ya gagara ta tura kotu. A cikin birni akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Ga matar da take ƙauyen Tsanyawa ko Makoɗa, isa waɗannan wurare yana buƙatar kuɗin mota da izinin fita, kuma sau da yawa duka biyun a hannun wanda za a kai ƙara suke.

Matsayin shari'ar Musulunci

Kotunan Shari'a na Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci a kan aure. A wannan mazhaba cutarwa, wato larar a harshen malamai, dalili ce da alƙali zai raba aure ko miji bai so ba, kuma ba a ce mace ta mayar da sadaki. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan Arewa suke yawan komawa gare shi, ya nuna ana tabbatar da cutarwa da shaidu ko da labarin da ya bazu a cikin maƙwabta. Idan an kasa gane mai laifi, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata.

Matsalar tana wajen shaida. Waɗanda suka ga abin yawanci dangin miji ne ko kishiya, maƙwabta kuma ba sa son shiga. Saboda haka mata da yawa da suka zo da ƙarar cutarwa sukan ƙare da hul'i, su mayar da sadaki don su samu takardarsu. Wadda aka daka ita ce kuma take biya.

Masu kare duka sukan kafa hujja da aya ta 34 ta wannan sura. Malaman fiƙihu kuwa sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri: sai bayan nasiha da ƙaurace wa shimfiɗa, ban da fuska, ban da abin da zai bar tabo ko ya karya ƙashi. Suna kuma kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Raunukan da ake gani a kotu sun wuce duk waɗannan iyakoki.

Dokar ƙasa da ta jiha

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ce a sashe na 55(1)(d) ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda da haka, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. Sashe na 241 ya lissafa mummunan rauni: makanta, kurumta, rasa gaɓa, ɓata fuska, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da duk ciwon da ya sa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ke nan yawancin dukan da wannan maƙala take magana a kai yana iya faɗawa ƙasa da wannan ma'auni. Sashe na 282 kuma bai ɗauki kwanciyar miji da matarsa da ta balaga a matsayin fyaɗe ba.

A Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya daki abokin aurensa. Ta kuma haramta korar mutum daga gida da ƙarfi, da wofintar da iyali, da tauye shi ta fuskar kuɗi, da raba shi da danginsa. Dokar a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta amince da ita.

A Fabrairu 2017 Sarki Sanusi ya sanar da daftarin dokar iyali ta Musulunci da wani kwamitin malamai ya tsara, wadda ta shafi ƙarin aure ga marar hali, da auren dole, da dukan mata. Daftarin ya jawo muhawara mai zafi, kuma har aka sauke shi daga sarauta a Maris 2020 bai zama doka ba. A Mayu 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar. Zuwa 2024 Kano ce kaɗai jihar da ba ta amince da dokar VAPP ba, ƙungiyoyin mata da na lauyoyi kuma suna ta kira ga majalisar dokokin jihar da ta shigar da tanade-tanadenta cikin Final Kod.